Fadar Neuschwanstein: a hau da ƙafa ta cikin daji, ko bas, ko keken doki, ko a gangaro daga Tegelberg?

Duk baƙon da ya sauka wajena a Munich, ko ɗan uwa ne daga gida ko ɗalibi daga wani garin na Jamus, kafin ya kwana biyu sai ya ciro waya ya nuna min hoton farar fadar nan mai dogayen hasumiyoyi da ke kan dutse yace shi fa nan yake son zuwa. Na kai mutane wajen har na daina ƙirgawa, kuma kullum gardamar ɗaya ce in mun sauka daga mota a ƙauyen Hohenschwangau muka ɗaga kai muka hangi fadar can sama a tsakiyar itatuwa: to ta ina zamu hau? Wani yace a taka, wata tace ita wlh gwiwarta ba zata iya ba, yara kuma sun hango dawaki sun maƙale. Shi yasa na ga gara in zauna in rubuta abin da na sani, wanda zai je ya yanke shawara tun daga gida.

Ga wanda bai san wajen ba, fadar tana kudancin jihar Bavariya ne, gab da iyakar Ostiriya, kusa da wani ƙaramin gari Füssen. Jirgin ƙasa daga Munich zuwa Füssen wajen awa 2 ne, daga tashar kuma bas mai lamba 73 ko 78 zai kai ka Hohenschwangau cikin kamar minti 10. Sarki Ludwig na biyu ne ya sa aka aza harsashinta a 1869, ya narka dukiyarsa ya ci bashi kamar ba gobe, a 1886 aka ce ya samu taɓin hankali aka tuɓe shi, kwanaki kaɗan aka tsinci gawarsa a tafkin Starnberg, ginin ma ba a gama ba, cikin ɗakuna kusan 200 da aka tsara waɗanda aka kammala basu kai 20 ba. Mutumin da ya gina wajen don ya ɓuya wa jama'a, makonni kaɗan da rasuwarsa aka buɗe ƙofa ana karɓar kuɗin shiga, yanzu sama da mutum miliyan ɗaya ke zuwa a shekara. A 2025 UNESCO ta sa ta cikin wuraren tarihi na duniya tare da sauran fadojinsa.

Abubuwan da nake aunawa da su

Na farko kuma babba shi ne lokacin da ke jikin tikitinka. Ba a shiga fadar kara zube, rukuni-rukuni ake shiga da ɗan jagora, zagayen kamar minti 30, kuma in lambar rukuninka ta fito a allo baka wajen to shikenan kuɗinka sun tafi, babu wani "don Allah Malam a taimaka", na'ura ce a ƙofar ba mutum ba. Tikitin babba ya ɗan haura Yuro 20 in an haɗa da kuɗin saye ta intanet, 'yan ƙasa da shekara 18 basa biyan kuɗin shiga amma su ma sai an yankar musu tikiti. Don haka duk hanyar da zan faɗa, tambayar farko ita ce: zata kai ni ƙofa akan lokaci ko sai yadda hali ya yi?

Sai kuɗi, sai wahala (numfashi wajen hawa, gwiwa wajen sauka, ba abu ɗaya bane kuma mutane na mantawa da na biyun), sai haɗari, sai kuma ko hanyar na aiki duk shekara ko kuwa da an yi dusar ƙanƙara ta mutu. Na ƙarshe shi ne abin da ido zai gani a hanya, domin ni a wajena dajin da tafkunan sun fi cikin fadar daɗi, ciki ko hoto ba a bari ka ɗauka, ana ta kora ku daga ɗaki zuwa ɗaki kamar garken awaki.

1. Takawa ta babbar hanya

Daga ofishin tikiti zuwa ƙofar fada kamar kilomita ɗaya da rabi ne, kwalta ce shimfiɗaɗɗiya tana lanƙwasa cikin daji, su sun ce a ware minti 30 zuwa 40, matashi mai jini a jika zai yi a 25, mai ɗan tumbi irina da ke tsayawa yana cewa hoto yake ɗauka alhali numfashi yake mayarwa, 40 ɗin dai. Kyauta ce, kuma ita kaɗai ce hanyar da lokaci ke hannunka ɗari bisa ɗari, babu layi babu jiran kowa, in ka tashi saura awa ɗaya zaka isa har ka zauna ka huta. Rani da damina da hunturu duk a buɗe take domin ita ce hanyar da ake kula da ita.

Amma kar wani ya ruɗe ka cewa wannan shi ne yawon daji. Itatuwa kam akwai, dogaye masu inuwa, sai dai kana tafe cikin ɗaruruwan mutane ana ta yare kala-kala, ga keken doki na bi ta kan hanyar dole ka riƙa ratsewa, ga kashin dawakin a kwance a titi, in rana ta buɗe warin sai ya tuna maka bayan gidan sarki washegarin hawan sallah. Hawan kuma ba ya sassautawa, tun daga ƙasa har sama tudu ne, babu inda zaka ce yau ga fili. Haɗari kusan babu, sai santsi lokacin sanyi. Wanda ke tura keken jariri zai iya amma zai ji a damtsensa, kuma ba a shiga da keken cikin fadar, haka babbar jakar goyo.

2. Bas zuwa sama, sauka da ƙafa

Bas ɗin yana tashi ne daga wajen ajiye motoci na kusa da tafkin Alpsee, kuɗinsa 'yan Yuro kaɗan ne, basu kai 5 ba. Abin da mutane da yawa basu sani ba shi ne ba ya kai ka ƙofar fada, yana wuce ta ne ya sauke ka a sama da ita kusa da gadar Marienbrücke, daga nan sai ka gangaro minti 10 zuwa 15, gangaren kuma da ɗan tsini, tsoho mai ciwon gwiwa sai an riƙe masa hannu.

To amma wannan saukewar a sama ita ce ribarsa. Gadar nan ita ce inda ake ɗaukar hoton da kowa ya sani, siririyar gadar ƙarfe ce da ke rataye kamar mita 90 a saman kwazazzabon Pöllat, ruwa na zubowa ƙarƙashinta, sunan mahaifiyar Ludwig sarauniya Marie aka sa mata, da ta katako ce, shi ya mayar da ita ta ƙarfe a 1866. Katakan da ake takawa suna ɗan motsi in mutane sun cika, na taɓa kai wani yayanmu da ke cika baki tun a jirgi cewa shi ba abin da ke ba shi tsoro, taku uku ya yi ya leƙa ƙasa ya dawo da baya yana salati, hoton nasa daga bakin gada muka ɗauka. Wanda ya tako daga ƙasa sai ya ƙara wani hawan na minti 15 daga fada kafin ya zo gadar, mai bas kuwa ya riga ya gama da ita yana saukowa.

Matsalarsa layi. A watannin Yuli da Agusta zaka iya tsayawa bas biyu uku su cika su tafi kana kallo, ga layin shiga gadar ita kanta, ka ga in tikitinka na ƙarfe 11 ne ka zo layin bas 10 da kwata to kana wasa da kuɗinka. Sannan da an yi dusar ƙanƙara ko hanya ta daskare bas ɗin ba ya tashi, gadar ma rufe ta ake yi. Bayan an fito daga fada sai a sauko da ƙafa, kuma akwai ƙananan hanyoyin tsakuwa masu alama da ke ratsa daji su fito ƙauyen, sun fi kwaltar shiru nesa ba kusa ba, minti 20 zuwa 30 ka sauka. Gaskiya ni wannan haɗin nake zaɓar wa yawancin baƙina.

3. Keken doki

Dawaki biyu manya-manya irin na Turai masu ƙafa kamar turmi, suna jan keke mai ɗaukar mutum goma da wani abu. Yara na so, Hajiyoyi na so, hoton ma yana kyau. Kuɗinsa ya fi na bas, hawa ya kusa Yuro 10, sauka kamar rabin haka, a hannun mai keken ake biya don haka a riƙe tsabar kuɗi. Shi ma ba ya kaiwa ƙofa, akwai inda yake juyawa a ƙasa da fada, sauran 'yan mita ɗari sai ka taka, kuma hawa ne ba gangare ba, minti 10 ko fiye ga mai tafiya a hankali.

Ba shi da jadawali, ba a kama wuri tun kafin a zo, in ya cika ya tashi in ya dawo ya ɗebi na gaba, tamkar motar haya a tasha. Tafiyar kuma ba ta fi ta mai ƙafa sauri da wani abin kirki ba, sau da yawa wanda ya taka yana riga wanda ya tsaya layin doki isa. Abin da ya fi bas da shi ɗaya ne, yakan yi aiki har cikin hunturu lokacin da bas ya tsaya, don haka ga dattijo a watan Janairu kusan shi ne kaɗai mafita. Ni dai raina ba ya so in ga dawakin nan suna jan ƙatti a tudu da tsakar rana, amma wannan ra'ayina ne.

Kuma a sani, duk wanda ake nema wa doki saboda ƙafa, cikin fadar akwai matakala sama da 300 in an haɗa hawa da sauka. Akwai lif na masu lalura amma sai an nema tun kafin ranar. Na ga wanda aka sha wahala aka kai sama ya zo matakalar farko yace shi a bar shi a tsakar gida.

4. Tattaki tun daga Füssen

Wannan ita ce ta zuciyata, kuma ita ce ainihin yawon daji. Maimakon ka hau bas a tashar jirgi, sai ka ratsa tsohon garin Füssen ka nufi Lechfall inda kogin Lech ke zubowa ya shige wani matsattsen dutse, ruwan launinsa tsakanin kore da shuɗi kamar an zuba masa baba, daga nan ka kama hanyar tudun Kalvarienberg. Hanyar ibada ce ta Kiristoci, zaka riƙa wuce ƙananan ɗakunan addu'a har ƙoli, a ƙolin kuma akwai dandamali da zaka ga Füssen a bayanka, a gabanka fadoji biyu, farar Neuschwanstein da rawayar Hohenschwangau wadda mahaifin Ludwig, Maximilian na biyu, ya sake ginawa a shekarun 1830, inda Ludwig ya yi ƙuruciyarsa yana hangen dutsen da daga baya ya ɗora tasa. Sai ka gangara cikin itatuwa zuwa ƙaramin tafkin Schwansee, ka bi gefensa ta filin ciyawa da aka tsara wa gidan sarautar don shan iska, ka ɓullo Hohenschwangau ta baya.

Awa ɗaya da rabi zuwa 2 ne in ba a gaggawa, kyauta, kuma akwai wuraren da zaka yi minti goma baka haɗu da kowa ba sai kukan tsuntsaye da ƙamshin danshin ganye, wanda ya taso inda itace ke tsaye ɗai-ɗai a fili in ya shiga irin wannan kurmin da rana ke ratsowa da ƙyar jikinsa har wani sanyi yake yi. A bakin Schwansee nake shimfiɗa jaket ɗina in yi azahar, in ci abin da na ƙullo, domin abincin ƙauyen fadar tsada gare shi kuma sai ka yi ta tambaya ko da naman alade a ciki.

Illarta ita ce in ka iso Hohenschwangau baka gama ba, hawan nan na minti 40 na jiranka, ko layin bas. Don haka tikitin yamma ake saye, ƙarfe 2 ko 3, kar a sayi na safe. Bayan ruwan sama saiwoyin itatuwa da ke kwance a hanya santsi gare su kamar sabulu, silifas ko takalmi mai sulɓin ƙasa ba nasu bane, a sa kambas mai kama ƙasa. Sai kaska. Dazukan Bavariya na da ita daga bazara har kaka, 'yar mitsitsiya ce ba irin ta shanu da muka sani ba, kuma tana ɗauke da cututtuka, har da mai taɓa ƙwaƙwalwa, a sa dogon wando, kar a kutsa cikin doguwar ciyawa, in an koma masauki a duba jiki musamman bayan gwiwa da hammata.

5. Motar igiya zuwa Tegelberg, a gangaro ta gada

Bas ɗin nan 73 da 78 suna wucewa har gindin dutsen Tegelberg, can akwai akwatin ƙarfe da ke tafiya a jikin igiya ya ɗaga ka zuwa saman dutsen mai tsayin sama da mita 1,700 cikin 'yan mintuna, kuɗin hawa kaɗai wajen Yuro 20. A sama zaka ga masu tashi da laima suna ruguwa a guje su faɗa iska, ga tafkuna a shimfiɗe a ƙasa, ga tsohon gidan farautar sarakunan. Daga nan akwai hanya da ke gangarowa ta doron dutse ta cikin daji har ta fito gadar Marienbrücke ta ɗaya ɓangaren, awa 2 zuwa 3, kuma tun kana can sama kake hango fadar a ƙarƙashinka ƙarama kamar abin wasan yara tana ƙara girma kana matsowa. Babu hanyar da ta kai ta kyau, ko kusa.

Kuma babu wadda ta kai ta haɗari. Saukar sama da mita 700 ce akan duwatsu da saiwoyi, wasu wuraren hanyar siririya ce gefenta rami, gwiwa na karkarwa tun kafin a yi rabi, washegari cinyoyinka zasu baka labari. Yanayin tsaunin kuma ba shi da alƙawari, da safe rana tar, ƙarfe 3 hadari ya haɗo da tsawa, a tashi da wuri, a riƙe ruwa da rigar ruwa, lambar neman agaji 112 ce. Lokacin sanyi a manta da ita kwata-kwata. Kuma ban ba kowa shawarar ya haɗa ta da tikitin shiga fada a rana ɗaya ba sai in na can yamma ne, domin mai kallon agogo a kan dutse shi ke zamewa.

Kusa da gadar akwai ƙananan hanyoyi da masu neman hoto suka fasa da ƙafarsu zuwa bakin rami, ba na hukuma bane, babu shinge. A watan Yunin 2023 wani ɗan Amurka ya yaudari wasu 'yan mata biyu masu yawon buɗe ido zuwa irin wannan hanyar da sunan zai nuna musu wajen hoto, ya far musu ya tura su ramin, ɗaya ta rasu, kotu ta yanke masa ɗaurin rai da rai a 2024. Ba wai wajen ba lafiya bane, amma a tsaya kan hanya mai alama, kuma 'yan uwa mata kar a bi baƙon fuska zuwa inda ba mutane.

Hanyar cikin kwazazzabon Pöllat kuwa, mai matakalan ƙarfe manne da dutse ruwa na gudu a ƙarƙashi, ban sa ta a lissafi ba saboda yawan rufe ta da ake yi don ruftowar duwatsu, ta taɓa yin shekaru a rufe. In ka tarar da ita a buɗe to ka taki sa'a.

| Hanya | Kuɗi | Lokaci | Wahala | Haɗari | Lokacin sanyi |
|---|---|---|---|---|---|
| Takawa ta kwalta | kyauta | minti 30-40 | numfashi | kaɗan | tana aiki |
| Bas, sauka da ƙafa | ƙasa da Yuro 5 | layi, sai minti 10-15 na gangare | gwiwa kaɗan | kaɗan | yakan tsaya |
| Keken doki | kusan Yuro 10 hawa | layi, sai hawan minti 10 | mafi sauƙi | kaɗan | yakan yi aiki |
| Daga Füssen | kyauta | awa 1 da rabi zuwa 2, sai hawan fada | matsakaiciya | santsi, kaska | sai da takalmin kirki |
| Daga Tegelberg | wajen Yuro 20 | awa 2-3 | mai tsanani | babba | a'a |

Farashin nan yana ɗan hawa kusan duk shekara, a leƙa shafinsu kafin a taso.

To wa zai bi wacce?

In daga Munich ka zo yini ɗaya kuma tikitinka na kafin azahar ne, taka ta kwalta kawai, kar ka tsaya kallon layin kowa, in ka fito daga fada sai ka hau zuwa gada da natsuwa. In lokacin zafi ne kana da iyali da yara masu iya tafiya kuma akwai ratar awa 2 kafin lokacinku, bas sama, gada, fada, ku sauko ta daji. In da Baba ko Hajiya kuke tafe, doki, a je layi da wuri sosai, kuma a yi musu maganar matakalan ciki tun a gida kar a je ana jin kunya, in sun ce a'a ba asara, gefen tafkin Alpsee akwai benci da shimfiɗaɗɗiyar hanya, zagayen tafkin duka kamar kilomita 5 ne amma ko rubu'insa suka yi suka zauna sun ga abin gani.

Ɗalibi mai lissafin kowane Yuro, ko wanda hayaniyar gari ta ishe shi yake son ya ji shiru, ya sauka a Füssen ya kama hanyar Kalvarienberg, in tikiti ya ƙare ma kar ya damu, dajin da gadar da kallon fadar daga waje duk ba a biyan ko sisi. Mai ƙafa da ya saba hawan dutse, yana da takalmin, an ce ba hadari ranar, kuma tsakanin Yuni ne da Satumba, Tegelberg. In zai yiwu ya kwana a Füssen ya ba ta yini guda ita kaɗai, a watan Yuni rana ba ta faɗuwa sai bayan ƙarfe 9 na dare, fadar kuma ya shige ta washegari da safe kafin motocin 'yan yawon buɗe ido su iso daga Munich.